Na Sa Rigar Mamaci, Kakata Ta Ba Ni Gona

Zuwa ga Hajiya mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon takardar nan, ni ba gwanin rubutu ba ne, lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban wuce aji shida ba. Wata huɗu ke nan ina ɗauke da wata magana da ta hana ni jin daɗin tuwo, alhali tunda nake ban taɓa ganin shekarar da ta yi mini kyau kamar bana ba. Mutane kan kawo miki kuka don an cuce su. Ni alheri aka yi mini, alherin ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Madarumfa, ta hanyar Gabi. Shekarata talatin da huɗu, ina da mata, Rakiya, da ƴaƴa uku. Mahaifina Usman ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ta yi wani aure can Safo, sai kakata Kande, uwar mahaifina, ta riƙe ni. Ita ta goya ni, ita ta tauna ta ba ni. Har yau ba ta kiran sunana, sai dai ta ce mijina, ni kuma in ce amarya, irin wasan jika da kaka. Kaka ba ta salla, tana nan kan al'adar iyayenta, mu jikokinta kuwa duk Musulmi ne, amma ban taɓa jin ta aibata addininmu ba. Ina yaro ita ke buga mini ƙafa da asuba ta ce in tashi, liman ya gaji da jirana. Gonar da na gada kuwa ba ta ciyar da mu wata uku. Shi ya sa kowace shekara da an gama kaka sai in ƙetare iyaka ci-rani, in yi dako, in yi haƙar rijiya, sai hadari ya fara haɗuwa in dawo.

Mahaifin Kaka sunansa Gwamna. Tana ƴar shekara bakwai aka zo da kamyo, wato babbar mota, daga wajen kumandan, baturen mulki, aka ɗebi maza zuwa yaƙin Faransa, a wata ƙasa mai nisa da ake ce wa Indoshin, har da shi. Bayan shekara uku wani abokin tafiyarsa ya dawo da rigarsa ta soja da jar hularsa. Ya ce sun shiga wata fadama su da yawa, da suka fito babu Gwamna, kayan nan kuma a masauki ya bar su. Ba wanda ya ga gawa. To a gidan su Kaka, wanda ba a ga gawarsa ba bai mutu ba, tafiya ya yi. Ba a yi masa makoki ba, ba a raba kayansa ba. Aka naɗe rigar da hular aka sa a wani tsohon tulu aka rufe da faifai. Gayaunarsa kuma, wato ƴar gonar da ya keɓe wa kansa a bayan gida, aka bar masa ita har ya dawo. Shekara saba'in da ɗoriya ba wanda ya sa mata hauya.

Kin san yadda ƙasa ta yi wuya a wajenmu, mutane har bakin hanya suke shuka. Dangi sun yi magana sun gaji, mai gari ya yi, Kaka ta ce wanda ya isa ya shiga. Ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan Gwamna, kuma ba wanda ya isa ɗin. Wurin ya zama kurmi, sabara da kalgo da geza sun cushe, ga wasu manyan gawo guda uku. Kowace shekara, gab da faɗuwar ruwa, takan daka gumba ta dama ta kai gindin babban gawon ta zuba, ta gaya wa mahaifinta damina ta zo, gonarsa na jiransa.

Ga yadda fim ya shigo maganar. Ina da aboki, Al'amin, mai gyaran waya a kasuwar Madarumfa, tun muna kamun kifi a tafki muke tare. Shi mayen finafinan nan ne na ban tsoro, waɗanda za ki ga sojojin haya sun kutsa wani tsohon sansani don kwaɗayi, sai matattun sojoji su taso musu. Ya kalla ya kalla har ya rantse sai ya yi nasa da Hausa. A labarinsa, wani attajiri ne ya ɗauko ƴan bindiga shida daga waje su tono masa akwatin zinariya da wani kumandan ya binne, sai suka tono kabarin sojojin da, matattu suka tashi suna bin su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a cinna wa shugaban matattun wuta. Kayan aikin kuwa sai kin gani, Hajiya. Bindigogin icen bedi ne, wato dogon yaro, aka shafe da baƙin mai. Jinin zoɓo ne aka kaurara da garin rogo. Hayaƙin kashin jaki ne. Ba shi da fitila, don haka duk abin da ya kamata ya faru cikin duhu da hantsi muke ɗaukarsa, ya ce in ya zo montaji, wato haɗa hotunan, zai baƙanta shi. Shugaban sojojin hayar wani farin tela ne mai tumbi, wanda in ya yi gudu taku goma sai an yi masa fifita.

Ni aka ba shugaban matattu, saboda ni dogo ne siriri, kuma matacce ba ya magana, ba sai na haddace komai ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Tunda nake ba a taɓa zaɓena don wani abu ba in ba ɗaukar kaya ba.

Laifina na farko daga nan ya fara. Al'amin yana neman daji, duk karkarar nan kuwa babu daji sai gonaki, ni da bakina na ce akwai kurmi bayan gidanmu. Yana neman tsohuwar rigar soja, ni da hannuna na buɗe tulun Kaka tana barcin rana na ɗauko, ban tambaye ta ba don na san amsar. A lokacin wata biyu ke nan tana kwance, ƙafa ta ƙi, abinci sai an yi da gaske take kurɓar kunu, har mun fara fid da rai. Na ce a raina bana ba za ta iya kai gumba ba, in muka gama in mayar da rigar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kwaɓa toka da garin gero aka shafe mini fuska, aka zagaye idanuna da gawayi, na sa rigar da hular. Rigar ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka. Sojojin hayar an riga an kashe su, suna kwance can cikin ciyawa jiƙe da zoɓo. Al'amin ya laɓe bayan kalgo da wayarsa. Aikina shi ne in fito daga bayan babban gawo, in ratso hayaƙi a hankali. Na fito. Sai ga Kaka a gabana, sanda a hannu ɗaya, ƴar ƙwarya a ɗayan. Ashe jiya da yamma ta ji ƙanshin hadari, ta sa an daka mata gumba, ta jawo ƙafa ita kaɗai ba wanda ya lura.

Na zaci faɗuwa za ta yi ta mutu, in zama ni na kashe wadda ta raine ni. Ko gezau ba ta yi ba. Idonta yana da yana, kuma tun ina saurayi tsofaffi ke cewa tsawon Gwamna na ɗauko. Ta ajiye sandar, ta durƙusa irin durƙuson ƴa ga uba, ta ɗago ƙwaryar da hannu biyu ta ce, “Baba, ka iso? Sannu da hanya. Ka daɗe hwa.” Na karɓa, don ban san abin da zan yi ba in ban karɓa ba, har na kurɓa.

Sai ta zauna a ƙasa ta shiga ba shi labari. Ta ce, “Ni ce Kande. Ka tahi ban kai tsawon taɓarya ba, ga shi yau ko haƙori babu. Inna ta jira ka shekara tara kahin ta kwanta dama. Kowa ya ce in saki gonag ga, ni ko na ce mai abu shina tahe. Sunka ce na haukace. To ga ka.” Ta yi kusan rabin awa tana magana, na aurenta, na ƴaƴan da ta binne, na shekarun yunwa. Akwai abin da ta faɗa wanda ba zan rubuta ba ko a gare ki, don ba ni aka gaya wa ba. Ina tsaye kamar icce, hayaƙi na shiga mini ido, tela kuma daga baya ya ce cinnaku sun yi masa kaca-kaca a cikin ciyawa amma ya kasa ko motsi.

Daga ƙarshe ta ce, “Baba, ƙahwata ta ƙare, ba ni iya kawo maka gumba baɗi. In ba noma ya kawo ka ba, in ba mijin nan nawa gonar, ɗan wajen Usman? Maraya ne, ba shi da inda za shi sa hauya, kullum shina bisa hanyar Najeriya.”

Hajiya, wallahi ba amsawa na yi ba. Hawaye ne suka cika mini ido, kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai yadda kowane ɗa ke sunkuyarwa gaban babba. Ita kuwa ta ɗauka na ce to. Ta ce, “Madalla, ka hutasshe ni.” Ta ce za ta juya baya, mai rai ba ya kallon tafiyar waɗanda suka riga mu. Ta ɗauki sandarta ta koma gida ba ta waiwayo ba. Da na leƙa bayan kalgo na tarar da Al'amin yana kuka, wayar tana ta ɗauka bai ma sani ba. Ya sa kowa ya yi alkawarin yin shiru, ni kuma na wanke fuska na mayar da rigar kafin azahar. Da la'asar Kaka ta buɗe tulun, ta ga toka a wuyan rigar, ta ji warin hayaƙi, shi ke nan magana ta tabbata a wajenta.

Abin da ya biyo baya shi ne nake godewa Allah a kansa kullum. Kaka ta tashi. Ran nan malmala biyu ta ci, ta ce miyar ba gishiri. Ta tara dangi ta ce Baba ya zo, ya huta, ya sallame ta. Su suka ɗauka mafarki ne ko tsufa, amma kowa ya ji daɗi. Aka binne rigar da hular a gindin gawo irin yadda iyayenta ke yi, ta ce mu ma mu yi sadaka irin tamu, muka yi. A gaban kowa ta ce gayauna tawa ce, Baba ya yarda. Akwai Mainasara, ɗan wan mahaifina, ƴaƴansa bakwai, kuma ta jini rabonsa a wurin daidai yake da nawa. Na ga fuskarsa ta sauya, amma ya ce abin da Kaka ta faɗa ya zauna. Washegari sai ga shi da gatari. Kwana tara muna sassabe tare, ya ba ni aron jakinsa da amalanke, ko itacen da muka sare bai yarda ya ɗauki fiye da rabi ba. Gawon nan uku muka bar su.

Ƙasar da ta huta shekara saba'in ba wasa ba ce. Geron ya fi mutum bisa jaki tsawo, zangarniya kamar damtse, ga wake ya rufe ƙasa. Har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo. Bana, karo na farko tun ina ɗan shekara sha bakwai, ba zan tafi ci-rani ba. Rakiya har waƙa take yi in tana daka. Kaka kan sa a ɗora ta a amalanke a kai ta bakin gonar, ta zauna a inuwa tana zolayata wai mijinta ya zama Sarkin Noma, za ta ƙara masa kwalliya kada a ƙwace mata shi.

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga tsohuwar nan da ko a gaban mahaifinta ni ta tuna. Ina godiya ga Mainasara. Ina godiya ga Al'amin, wanda aka binne masa rigar fim ɗinsa yana tsaye, sai kawai ya sa tela ya ɗinka wata da buhu aka rina muka ƙarasa. Har shirmen fim ɗin nan ina gode masa, don shi ya tayar mini da kakata daga tabarma. Amma tun ran nan da yamma ina da damar in faɗi gaskiya, ban faɗa ba. Da farko tsoro nake kada ta koma ta kwanta. Da gero ya tsiro kuwa, sai na lura tsoron ya zama biyu, ina tsoron a karɓe gonar. Na biyun nan shi ke cina, don shi ba na Kaka ba ne, nawa ne.

Yanzu Al'amin ya kusa gama montaji. Da an gama kaka za a nuna fim ɗin a gidan bidiyo a Madarumfa, daga nan sai wayoyi. Rabinsa da rigar gaskiya aka ɗauka, a gindin gawon da kowa ya sani, kuma duk wanda ya zo binne rigar nan ya gan ta da idonsa. Kaka ba ta gani sosai, amma tana ji, jikoki kuma kullum suna cusa mata waya. Mainasara kuwa idonsa garau. Al'amin bai nuna wa kowa hoton Kaka ba, ya ce sai abin da na ce. Shi so yake ya sa shi a ƙarshen fim, ya ce bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irinsa ba, maimakon a ƙone sojan sai ƴarsa ta yi masa magana ya koma ya huta. In an sa, asirin cikinta ya shiga wayar kowa. In ba a sa ba, rigar mahaifinta ce a jikin dodon da ke shaƙe mutane har a cinna masa wuta. Rakiya ta ce a bar kaza cikin gashinta, in roƙi Al'amin ya cire duk inda rigar ta fito. To in ya cire ina fim ɗin, bayan wahalar da ya sha? Kuma bakin mutum shida fa? Shekaranjiya na wuce shagon tela, ya rage murya ya ce mini, “Baba, ka iso?” yana dariya.

Hajiya, saura kamar mako biyu a fara girbi. In faɗa mata in rushe abin da ya ba ta lafiya, ko in yi shiru in ci geron nan? Ina jin kunyar haɗa ido da Mainasara, ina jin tsoron ranar da Kaka za ta daina ce mini mijina. Ki gaya mini gaskiya ko mai ɗaci ce, na gode tun kafin ki amsa.

Mai Rigar Aro, daga karkarar Madarumfa

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Rigar Aro.

Na yi dariya a kan telanku da cinnaku, na kuma share ido a kan kakarka. Allah ya ƙara mata lafiya. Na yarda da kai cewa ba da nufi ka sunkuyar da kai ba, duk ɗan da aka yi wa tarbiyya haka zai yi. Amma ka riga ka raba wa kanka laifinka gida biyu, kuma daidai ka raba. Sunkuyawar kuskure ce ta minti ɗaya. Shirun wata huɗu kuwa kai ka zaɓe shi, kowace safiya.

Rakiya ba shirme ta faɗa ba, kada ka raina maganarta. Tsohuwa mai shekara tamanin ta sami kwanciyar ran da ta nema tun tana ƴar bakwai, ta tashi daga jinya, tana ci tana dariya. Wanda zai taɓa wannan sai ya yi tunani sau biyu. Da a ce kai kaɗai ka sani, kuma ba ka ci komai a ciki ba, da wataƙila ni ma na ce ka kama bakinka ka bar wa Allah. Ba haka abin yake ba. Mutum takwas sun sani in an haɗa da matarka, ɗaya ya fara maida shi abin wasa a bakin shago, ga hoto, ga fim na tafe. Kai kanka da ka aiko mini wannan takarda ka san ana karanta filin nan a Madarumfa, kuma mai son ɓoye magana ba ya aiko ta inda za a buga. Maganar za ta kai kunnen Kaka ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage a hannunka shi ne daga bakin wa za ta ji, naka ko na wani mai dariya.

Sannan ga gona. Ba a ba ka ita don kai ne kai kawai ba, an ba ka ne bisa yardar Gwamna, Gwamna kuwa bai ce komai ba. Mainasara ya haɗiye rabonsa ne don ya ɗauka hukunci ya fito daga inda ba a jayayya, har ya zuba maka guminsa kwana tara. In ya gani a waya, ba zai ga jika mai kunya ba, zai ga mutumin da ya sa rigar mamaci ya ba kansa gona. Kai ka san ba haka ba ne, amma ran nan ba za ka sami mai saurarenka ba.

Don haka ka je wajen Kaka kafin a sa wa geron nan wuƙa. Ka je da safe, bayan ta karya kumallo, kai kaɗai, ba waya a hannunka. Ka fara daga tulu: ka ce amarya, na yi miki sata, na ɗauki rigar Baba ban tambaye ki ba. Daga nan sauran zai biyo da kansa. Kada ka ce mata an ruɗe ta, kada ka ce abin da ta yi banza ne, domin ba banza ba ne. Maganar da ta riƙe shekara saba'in ta fito, kuma a kunnen jinin Gwamna ta sauka, a cikin rigarsa, a gonarsa. Sallamar da ta yi wa mahaifinta ita ta yi ta da bakinta, ba kai ka ba ta ba, kuma faɗin gaskiyarka ba zai tone rigar da aka binne ba. Ka tabbatar mata cewa abin da ta faɗa na sirri yana nan a cikinka, ba zai fita ba.

Akwai wani tunani da ya zo mini, amma kada ka jingina da shi. Matar da ta goya ka, ta san takunka tun kana rarrafe, ba lalle toka da gawayi su ɓoye mata kai ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Mai yiwuwa ta sani, mai yiwuwa rabin zuciyarta ya sani rabi ya ƙi. Mai yiwuwa kuma ba ta sani ba ko kaɗan, ta ji ciwo, ta yi kwanaki ba ta kula ka. Ba zan yi maka alkawarin sauƙi ba. In ta yi fushi ka zauna a ƙofar ɗakinta ka sha faɗan, kai ka jawo shi.

Bayan nan ka mayar da gonar hannunta, da geron da ke tsaye a kai. Ka nemi Mainasara a ranar, kada ka bari ya kwana bai ji daga gare ka ba, sannan ta sake yin hukunci a gaban dangi da sanin abin da ya faru. In ta bar maka, ka ci da rai kwance, ka kuma kai wa Mainasara damman da zai ji nauyinsu, don guminsa na ciki. In ta raba, ka karɓi rabonka ka gode. In ta karɓe duka, ci-rani ba baƙonka ba ne, kuma wanda ya tafi da mutuncinsa yana da wurin dawowa.

Hoton nan kuwa ba naka ba ne balle ka ba da izini, ba na Al'amin ba ne duk da kirkinsa. Na Kaka ne. Ku je ku biyu ku gaya mata abin da ke ciki. In ta ce a goge, a goge a gabanka. In ta yarda da wani sashe, abin da ta yarda da shi kaɗai za a sa. Haka nan batun rigar mahaifinta a jikin dodo, ita ke da ta cewa. Mutumin da ya iya maida zoɓo jini da hantsi dare ba zai rasa dabarar sauya ƙarshen labarinsa ba, kuma ina ganin fim ɗin zai fi kyau in an daina ƙone mutumin da aka ɗauke daga gonarsa aka kai shi yaƙin da ba nasa ba. Tela kuma Al'amin ya ja masa kunne tun yau.

Takardarka cike take da godiya, kuma na yarda daga zuciya ta fito. To godiyar da ta fi ita ce wadda aka kai wa mai alheri har inda yake. Tsohuwar nan ta yi shekara saba'in tana jiran wani ya zo ya gaya mata gaskiyar abin da ya faru. Mahaifinta bai sami iko ba, teku ce tsakaninsu. Kai zana ɗaya ce tsakanin ɗakinka da nata.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran kakarka, ya sa ku ci sabon gero a ƙwarya ɗaya kai da ɗan'uwanka.

Hajiya